Gidan Hayes na Ohio da takardun kakanninmu

A garin Fremont na jihar Ohio, nan Amurka, akwai fili mai eka 25 da ake kira Spiegel Grove, gidan Rutherford Hayes, tsohon shugaban ƙasar Amurka. Lauya ne da ya gama jami'ar Harvard a 1845, ya yi aiki a Cincinnati, inda ya riƙa tsaya wa bayin da suka gudo daga Kudu a kotu. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 ya shiga runduna ta 23 ta Ohio da muƙamin manjo, harsashi ya karya masa hannun hagu a fagen daga na South Mountain a Satumban 1862. Shi da matarsa Lucy sun haifi 'ya'ya takwas, uku suka rasu suna ƙanana. Ya yi shugabancin ƙasa daga 1877 zuwa 1881, kuma janye sojan da ya yi daga Kudu ya bar baƙar fata a hannun masu zaluntarsu, abin da ban yafe masa ba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda gidan ya tsira. Hayes maraya ne tun yana ciki. Kawunsa Sardis Birchard, wanda bai taɓa aure ba, shi ya ɗauki nauyin karatunsa, ya gina gidan, ya bar masa shi da ya rasu a 1874. A shari'armu ɗan 'yar'uwa ba shi da yankakken kaso, ba kuma asaba ba ne, wato dangin uba masu cin ragowar gado. Sai dai kyauta tun mai abu na raye, a kuma damƙa ta hannu da hannu, ko wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. A nan ne da yawa ke tuntuɓe: a furta da baki, ba shaidu, ba rubutu, ranar rabo magana ta koma gaban alƙali.

Ɗan Hayes, Webb, ya miƙa filin ga jihar Ohio bisa sharaɗi ɗaya: a gina ɗakin da wuta ba ta ci, a ajiye takardun mahaifinsa da littattafansa. Aka buɗe shi a 1916, har da kundin da Hayes ya fara rubutawa tun yana ɗan shekara 12.

Mu fa? Alƙalai da malaman zaure sun bar rubuce-rubuce a gafaka da adaka, gara ta ci rabi, ɗigar damina ta manne sauran, magada suka raba littafi guda gida uku. Alhali muna da wakafi, wanda ya girmi dabarar Webb nesa ba kusa ba. A auna filin, a rubuta iyakokinsa, a sa shaidu biyu, a naɗa mai kula da wanda zai gaje shi. Sannan a haɗa da shago ko gona da kuɗin hayarta zai riƙa gyaran rufi, domin yawancin wakafin da ya lalace rashin kuɗin gyara ne ya kashe shi. Takardun kuwa a ɗaga su daga ƙasa, cikin akwatin ƙarfe nesa da bango, a ɗauki hoton kowane shafi kafin a rufe.