Kunyar cewa "a rubuta"

Da aka raba gadon mijin Goggo, tumunin takabarta ya kama naira dubu 800. Ba a yi wata ba wani mutumin unguwarmu ya zo da kansa, ya zauna a tabarmar zaure, ya ce yana saro masara lokacin kaka ya ajiye sai bazara, in ta zuba kuɗinta za a raba riba. Ina wurin. Na ce, "Goggo, a samu takarda a rubuta mana, ko da shaidu biyu ne." Wani kallo ta yi min. "Kai Auwalu, ba ka da ta ido? Mutumin da ya yi wa Malam wanka, shi za ka ce ya sa hannu?"

Shi kuwa murmushi ya yi, ya ce ai yaran yanzu boko ya cinye su. Sai ni na koma mai laifi.

Shekara biyu ke nan, ko buhu ɗaya ba ta gani ba.

Ni ban ce kara da kunya aibi ba ne. Da su muke zama lafiya, da su mai kanti ke ba ka shinkafa bashi har ƙarshen wata ba tare da ya tozarta ka ba. Abin da ke ƙona min rai shi ne macuci ya fi kowa sanin darajarsu. Ya san bazawara ba za ta iya kallon idon abokin mijinta ta ce "kawo shaida" ba. Sahun gaba da gaisuwar mutuwa su ne jarinsa, kuma bai kashe ko sisi ba wajen tara su.

Ku tuna MMM, tsarin nan na damfarar kuɗi ta intanet. Ba su ce zuba jari ba, cewa suka yi kana "ba da taimako" ne, wani ma ya taimake ka, da ƙarin kashi 30 cikin 100 a wata guda. Wa ya shigar da yawancin mutane? Ɗan uwa, abokin aiki, maƙwabci. Ranar da aka rufe asusun mutane a Disamban 2016, da yawa ko ƙara ba su iya kaiwa ba, don wanda za a kama ɗan ɗakinsu ne.

Abin mamaki, addinin da ake fakewa da shi bai bar mu a duhu ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka: a rubuta, a kafa shaidu, kada a ƙosa da rubutawa komai ƙanƙantarsa. Sahabbai aka fara faɗa wa haka, mutanen da suka fi mu amana nesa ba kusa ba. Mu kuma mun mayar da biro zagi.

Da na ce zan kai maganar kotu, dattawa uku suka yi min sallama bayan Isha'i. A rufa masa asiri, yana da iyali, 'yarsa ma an sa ranarta. Na tambaye su, ita Goggo da ke sayar da ƙuli-ƙuli yanzu, wa ya rufa nata? Ɗayansu ya gyara hula ya ce, "Haƙuri dai, Auwalu."

Goggo ta hana ni. Jiya ma mutumin da ya karɓi kuɗinta ya wuce ta ƙofar gida a kan sabon babur, ta amsa gaisuwarsa har da tambayar iyali.