Daga bakin Chesapeake nake hango Kubanni

A layin da nake zaune a birnin Baltimore na Amurka akwai bakin kwata da ruwan sama ke shiga. A kan murfinta 'yan makaranta sun zana ƙaguwa da shuɗin fenti, suka rubuta cewa duk abin da aka zuba a nan, Chesapeake za shi. Shekara shida ke nan ina wucewa ta wurin kowace safiya, kuma da wuya in taka murfin nan ban tuna kwatar ƙofar gidanmu a Tudun Wadan Zariya ba.

Chesapeake wani makeken ruwa ne a gabashin Amurka, inda ruwan daɗi na koguna ke gamuwa da ruwan gishiri na teku. Jihohi 6 da birnin Washington duk can ruwansu ke gangarawa, mutum sama da miliyan 18. Abin da ya kusa kashe shi ba wani baƙon abu ba ne a wurinmu: takin zamani, kashin kaji, ruwan masai, da ƙasar da ruwa ke zaizayowa daga gonaki. Haruffan N da P da muke gani a jikin buhun NPK, su ne. A gona albarka ne, amma idan suka yi yawa a ruwa sai gansakuka ta yi ta tsiro, ta tare rana, ta mutu ta ruɓe, ruɓewar ta shanye iskar da kifi ke shaƙa. Duk lokacin zafi akan samu wani yanki a ƙasan ruwan da kifi da ƙaguwa ba sa iya zama.

A 1983 aka fara sa hannu kan yarjejeniyar ceto shi. An yi alkawura, an saɓa, an sake. Sai a 2010 hukumar kare muhalli ta tarayya ta yi abin da a ganina shi ne gundarin maganar: ta ƙayyade iyakar dattin da ruwan zai iya ɗauka, ta raba wa kowace jiha kasonta, ta sa wa'adi zuwa 2025. Manomin jihar Pennsylvania da bai taɓa ganin teku ba ya shiga lissafi, domin kogin Susquehanna da ya ratsa gonarsa shi ke kawo kusan rabin ruwan daɗin da ke shiga Chesapeake.

Ni ma ina cikin lissafin. A takardar kuɗin ruwa ana cire mana dala 5 kowane wata don gyara matatun ruwan masai na jiharmu ta Maryland. Akwai wata Asabar da na raka 'yata wajen aikin sa-kai, muka wuni muna ɗura ɓawon kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo, a buhunan raga. Daga gidajen abinci ake tattaro ɓawon, a shanya shi, a mayar da shi ruwa don 'ya'yan kawa su manne su girma, saboda babbar kawa guda tana iya tace ruwa har galan 50 a rana, wajen jarka bakwai ke nan. Kusa da ni wata tsohuwa ce mai furfura, hannunta duk ya farfashe, tana aiki ba ta ɗago kai. Na dube ta na ce a raina, ai wannan gayya ce. Abin da kakanninmu suka sani tun kafin a haifi ƙasar nan.

Kada wani ya ɗauka an gama. Wa'adin 2025 ya zo ba a cika ba. Matatun birane sun biya kasonsu tun da wuri, amma ɓangaren gonaki har yau ana fama, duk da ana biyan manoma su shuka abin da zai rufe ƙasa lokacin sanyi, su dasa itatuwa a bakin rafi, su katange shanu daga shiga ruwa. Fiye da shekara 40, da dukiya irin ta Amurka, ruwan bai warke sarai ba. Wannan ne ke tayar mini da hankali game da gida.

Za a ce Zariya ina, teku ina. Amma ruwan ƙofar gidanmu kogin Kubanni yake faɗawa, Kubanni ta kai shi Galma, Galma ta kai shi kogin Kaduna, Kaduna ta miƙa wa Kwara, Kwara ta sauke a teku. Tun kafin ya yi nisa ma ya dawo mana a kwano: latas da kabeji da karas da tumatir na lambunan bakin Kubanni da wane ruwa ake ba su?

Zuwana gida na ƙarshe da damina ne. Ranar da aka kece da ruwa mai ƙarfi, ina zaure na ga yara suna fitowa a guje daga gidaje, kowa da bokitin shara a ka, suna juyewa a kwata don ruwa ya tafi da ita. Ledar fiya wata, toka, tsumma, kunzugun jarirai. Har da yaran gidanmu. Ni ma na yi haka ina yaro, an aike ni na je. Ba na zagin iyayenmu mata, domin bola ta yi nisa, mai kwasa ba ya zuwa, kuma ba wanda ya taɓa gaya musu inda ruwan ke tsayawa.

Bayan kwana biyu na je gaida Kawu, wanda ya shekara talatin yana lambu. Na tarar da shi yana kwance injin ban-ruwa. Ya ce, “Ɗana, da rani sau uku a wuni nake kashe shi in ciro leda daga bakin tiyo. Da muna samari a nan muke kama tarwaɗa, mu sha ruwan da tafin hannu. Yanzu ko alwala sai na zo da buta daga gida.” Ya nuna mini ƙafafunsa, fatar duk ta yi fari tana saɓa.

Ba kuɗin Amurka nake so mu kwaikwaya ba, ba mu da su. Rabon nauyin nake so. A auna ruwan, a faɗa wa jama'a sakamakon da Hausa, a ce Samaru ga naku, Sabon Gari ga naku, Tudun Wada ga naku, mahauta da masu wankin mota da bakanikai masu zubar da baƙin mai kowa ga nasa. Masu awon muna da su a gida: ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun daɗe suna ɗibar ruwan Kubanni suna bincike, jami'ar ma daga madatsar da ke kan kogin take sha. Ina ma a riƙa karanta wannan sakamako a rediyo duk wata uku, liman ya maimaita ranar Juma'a. Muna da masu unguwanni da dagatai har zuwa fadar Zazzau, tsarin da Amurkawa suke kashe kuɗi suna ƙoƙarin ƙirƙirar irinsa. Dattawanmu suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ake leƙa randa da kwata gida-gida. Gwamnati kuma ta ɗauki abin da gayya ba za ta iya ba: wurin zuba shara kusa da mutane, motar da za ta kwashe a kan lokaci, da hana gini a kan hanyar ruwa ko na wane ne.

Na yi waya da ƙanena makon jiya. Mun shirya zai sami mai unguwa kafin ruwan farko ya sauka. Ni zan aika kuɗin shebur huɗu da baro biyu da ladan mai kura na wata shida, su kuma samarin layinmu su yashe kwatar daga ƙofar masallaci zuwa kwalbati. Gida goma sha ɗaya ne a layin. Bakwai sun amsa, Hajiya ta ce sauran huɗun a bar mata, da kanta za ta shiga ta yi magana da matan.