Bangon sunaye a Washinton da shirun da muka yi wa Baffa

Asabar ɗin da ta wuce na kai baƙo yawo, muka biya ta bangon tunawa da sojojin Amurka da suka mutu a Vietnam. Baƙin dutse ne mai sheƙi kamar madubi, an yanki ƙasa an kafa shi, kana gangarawa yana ƙara tsawo har ya shige kanka. Sunaye sama da 58,000, ba a rubuta muƙamin kowa ba, ranar da mutum ya faɗi ita ake bi. A gindinsa ga furanni, ga wasiƙu a leda, har da tsohon takalmin soja.

Wani dattijo mai koɗaɗɗiyar hula ya roƙe ni in danne masa takarda a kan wani suna, don hannunsa na rawa. Ya yi ta goga fensir har haruffan suka fito. Ƙanensa ne, 1968. Ya ce shi da ya dawo da rai, a banɗakin filin jirgi ya tuɓe kaki don kada a san inda ya fito.

Yaƙin nan ya raba uba da ɗa a Amurka. A 1970 dakaru suka harbe ɗalibai huɗu a jami'ar Kent State, lokacin zanga-zangar ƙin yaƙin. A 1973 aka daina ɗaukar soja na dole. Sai 1980 likitocinsu suka yarda cewa firgitar da ke tayar da tsoffin sojoji tsakar dare cuta ce, suka ba ta suna. Bangon ma da aka buɗe a 1982, ɗaliba ’yar shekara 21, Maya Lin, ta zana shi, kuma sai da aka sha rigima a kansa. Amma dai a fili suka yi rigimar tasu.

Da dattijon ya ji daga Najeriya nake, na ba shi labarin Baffana da ya tafi yaƙin basasa, ba gawa ba wasiƙa. Sai ya ce, "A ina aka rubuta sunansa?"

Raina ya sosu. Na ce masa mu addu'a da sadaka muke yi wa mamaci, ba ma sassaƙa dutse. Kuma gaskiya na faɗa. Na so in ƙara da cewa miliyoyin ’yan Vietnam da suka halaka, ko ɗaya babu a bangon nasu. Sai da na shiga mota na yarda kare kai kawai nake yi. Ba dutsen ne ya dame ni ba. Tun da Gowon ya ce a 1970 babu wanda ya ci babu wanda aka ci, muka rufe bakinmu ruf. Duk 15 ga Janairu manya su ajiye furanni a Abuja, a saki tattabaru, ’yan mazan jiya kuma su koma bin fansho. Har na gama sakandare ba malamin da ya gaya mana kisan da aka yi wa ’yan ƙabilar Ibo a Sabon Garin Kano a 1966, ko a Asaba a 1967. Ko a gidanmu, in aka ambaci Baffa, "Allah ya jiƙansa" ne, sai a sauya magana.

Daren nan na kira Gwaggo a Gumel, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Na ce, "Gwaggo, wai Baffa yaya kamanninsa suke?" Ta daɗe ba ta ce komai ba, ina jin kukan awakinta. Can ta ce dogo ne mai wushirya, ba ya ƙin dambe, kuma ranar da zai tafi ita ta dama masa fura.