"Garage" na New York Daban, na Landan Daban

Mutane da yawa sun ɗauka sunan salon kiɗan rawa na na'ura abu ɗaya yake nufi ko'ina a duniya. Ba haka ba ne, kuma kalmar "garage" ta isa misali.

A Amurka sunan ya samo asali ne daga gidan rawar Paradise Garage na birnin New York, wanda ya yi tashe daga 1977 zuwa 1987, inda Larry Levan ke saka fayafayai. Kiɗa ne mai taushi, jikan disko, cike da muryoyi irin na mawaƙan coci.

Da fayafayan suka isa Landan a shekarun 1990, sai masu saka kiɗa suka ƙara musu sauri zuwa kusan bugu 130 a minti, suka ƙara nauyin amon ƙasa, wato sauti mai kauri, daga baya suka karya tsarin gangar. Gidajen rediyo marasa lasisi ne suka yaɗa wannan sabon salon, wanda shi ma ake kira "garage", a unguwanni. Daga cikinsa aka samu salon kiɗan "grime" da "dubstep".

Shi ma "dubstep" ɗin, a Croydon da ke kudancin Landan kiɗa ne mai duhu da sarari. Wajen 2010 Amurkawa suka laƙaba sunan ga wani mai ƙara da hargowa, wanda a kunnena ba ya ko kama da na asalin.