Kunya daban, tsoro daban

Iyaye mata, ku sa ido a kan 'ya'yanku mata daga shekara 9 zuwa 12. Yarinyar da take cika gida da surutu, sai ki ga ta koma sunkuyar da kai, ta daina ɗaga hannu a aji. Sai a ce ai ta yi hankali, kunya ta zo. Sau da yawa tsoro ne ya shige ta. Mai kunya tana gaida babba a ladabce, amma in wani ya taɓa ta inda bai dace ba, za ta buɗe baki ta faɗa. Mai tsoro shiru za ta yi, kuma irinta mugu yake nema.

A wannan tsakanin ne ake fara ƙirgen dangi, jinin al'ada kuma yakan biyo baya da kamar shekara biyu. Kada ki bari sai ta ga jini a makaranta ta ɗauka ciwo ne. Da zarar ƙirji ya fara tasowa, ki zaunar da ita ku biyu kawai. Ki ɓare audugar mata a gabanta, ki nuna mata yadda ake manna ta a wando, a canza bayan awa 4 zuwa 6, a naɗe kafin a zubar. Ki sa mata guda biyu da wando ɗaya a aljihun jakar makaranta. Ki kuma tsawatar wa masu tsokanar ƙirjinta da sunan wasa, ko yayyenta ne ko goggonninta. Wasan nan ne yake sa yarinya tafiya a duƙe.

Sai maganar baki, kuma nan muke yin ɓarna da yawa. "Baƙa mummuna." "Ƙanwarki ma ta fi ki kai." "Haka za ki je gidan miji ki kunyata mu?" Wadda ta tashi ana kiranta baƙa cikin zagi, ita ce gobe mai neman man bilicin. In ta yi laifi, ki ja ta ɗaki, ban da gaban baƙi, ki ambaci laifin shi kaɗai: "Kin bar tukunya ta ƙone." In kika ce "ba ki iya komai ba", wallahi za ta yarda, ta daina gwadawa. Yabo ma ki faɗi abin da kika gani: "Na ga kin zauna kan lissafin nan har kika gano shi."

Ki ba ta aikin da yake nata tun daga farko har ƙarshe. Sau ɗaya a mako ta yi cefane a shagon unguwa, ta yi ciniki, ta ƙirga canji, ta ɗora miya. In gishiri ya yi yawa, kada ki fizge ludayin. Ki nuna mata yadda ake ƙara ruwa a gyara.

Maigida, kai ma da naka. Minti goma bayan sallar isha'i, ajiye waya, ka tambaye ta me aka koya yau a boko da Islamiyya, ka bar ta ta kai aya kafin ka sa baki.