Shekarun Inna a Gaban Kyamara

"Inna, ki zauna yadda kika saba kawai. Ki manta akwai kyamara."

"In manta? Abu ya tsaya min da ƙafa uku a tsakar gida yana kallona da ido ɗaya, ka ce in manta?"

Tunda Auta ya gama makarantar koyon fim ta Jos ya dawo Bauchi, gidan nan na Jahun bai huta ba. Fim zai yi a kan rayuwar Inna, wai na gaskiya, ba rawa ba waƙa. Tun asuba ta ci leshi, ta kafa ɗauri, ta jera awarwaro har gwiwar hannu, kasko na ta hayaƙi a ƙarƙashin kujera.

"Inna, turaren wuta ba ya fitowa a fim."

"A naka fim ɗin."

"Kuma waɗanda suka ba da kuɗin aikin so suke a gan ki yadda kike kullum. Ki ɗaura tsohon zanin nan na tuyar masa, ki zauna jikin katangar da ta faɗi."

"Katangar da na yi damina uku ina cewa ku gyara? Ashe Turawa kuka ajiye wa."

Yaya Babba ya yi tari ya dubi agogo. Rabonsa da gidan tun babbar sallah, amma yau da ya ji za a ɗauki hoto, ƙarfe bakwai ta yi masa a zaure da babbar riga da buhun shinkafa, ya kuma jingine buhun inda kyamara za ta gan shi. Haka matarsa. Haka 'yan Yelwa da na Fadamar Mada, har da waɗanda ko kira ba sa ɗagawa. Da tsofaffi sun san haka, da kowace ta sayi kyamara ta ajiye.

"To mun fara. Inna, shekarunki nawa?"

"Sittin da biyu."

"Inna!"

"Da 'yan watanni."

"Yaya Babba fa sittin ya cika suka sallame shi daga aikin gwamnati."

"Wannan tsakaninsa da gwamnati ne."

"Kenan kina shekara biyu kika haife shi?"

"Mu a zamaninmu da wuri ake aure. Ba irin ku ba, gemu har ƙirji ana yawo da sanda mai gashi a bisa kan uwa."

Yaron da ke riƙe da makirfo ya ɗan ja baya. Inna ta murmusa ta gefen dama, don ta nan haƙorin Makka yake.

Auta ya sauya dabara. "To bar shekaru. Ba mu labarin sana'arki."

"Yauwa, yanzu ka yi magana. Masar da ake cewa ta Bauchi ta Bauchi, a tandata ta yi suna. Tun ana ciniki da kwabo da ahu nake tuya a bakin Wunti. Ranar da aka canja kuɗi, aka ce fam ɗaya ya koma naira biyu, sule ya koma kobo goma, ni na koya wa matan layinmu lissafi."

"A 1973 kenan. Kina 'yar shekara goma?"

"Ina da kai tun ina ƙarama."

"Da tanda da kishiya?"

"Kai, fim kake yi ko ƙidaya?"

Matar Yaya Babba ta leƙo da faranti. "Hajiya, ga kunun."

"Ikon Allah! Ɗauki wannan da kyau, Auta. Shekara talatin da aurenta, yau na ga kalar kununta. Ki dawo ki sake miƙowa, 'yar nan, a hankali, don jikoki su gani."

Ta sake miƙawa. Sau uku. Na ukun Inna ta ce an rufe mata awarwaro.

Can aka ɗauke wuta, fitilar Auta ta mutu, aka tashi yaro neman fetur. Inna ta ce a sa wannan ma a fim, tunda gaskiya ake nema. Ana jiran janareta ne, ba wanda ya tambaye ta komai, ta dubi ƙasa ta ce:

"Ranar da aka kawo gawar Abubakar Tafawa Ɓalewa ban hura wuta ba. Cikin azumi suka kashe shi, ga hunturu. Mutumin da muke jin muryarsa a rediyo kamar ana zuba zuma. Garin nan ko akuya ba ta yi kuka ba. Na tsaya a ƙofar gida da wancan a bayana, yana ta tsala ihu, na rasa ko shi zan rarrasa ko kaina."

Tsakar gida ta yi tsit. Auta ya yi wa mai kyamara alama da ido, ashe tana ɗauka da batir.

"Inna, wannan shi ne fim ɗin! Janairun 1966, kina goye da Yaya Babba!"

Inna ta ɗago. Ta ƙirga da yatsu a ƙarƙashin mayafi.

"Goge."

"Haba Inna."

"Labari aka ba ni."

"Kin ce a bayanki yake."

"Ƙanena ne. Raino aka ba ni. Ka rubuta a ƙasan hotonsa, ƙanen Hajiya."

"Inna, ni ne fa," in ji Yaya Babba, furfura fal gemu.

"Rufe min baki, manya na magana. Da ka riƙa shafa baƙin nan da 'yan'uwanka ke shafawa, da duk wannan bai taso ba. Kai ka tsofar da ni."

Auta ya gyara zama. Shekara sittin ba wanda ya taɓa jin sunan Yaya Babba a bakin Inna. Ɗan fari ne. Ko mai irin sunan ya zo sayen masa, "mai sunan wancan" take ce masa.

"Shi kenan, Inna, na yarda ƙanenki ne. Ai ba a kunyar sunan ƙane. Dubi kyamara ki faɗi sunansa."

Inna ta dubi kyamara. Ta dubi Yaya Babba. Ta gyara ɗauri, ta kurɓi kunu, ta ce gishirin ƙanzo ma ya fi shi daɗi.

"Muna jira, Inna."

"Sunansa ai kowa ya sani."

"Turawa ba su sani ba."

"Su tambayi gwamnati, ita ta sallame shi." Ta miƙe, awarwaro na ƙara. "Miƙo min buta, azahar ta yi."

"Ƙarfe goma da rabi ne, Inna."

"Ta jiya zan rama."