Ba tambayar ɗalibi ake yi ko ya ji daɗin lissafi ba, alli ake miƙa masa

Kwanan baya na halarci wani taron ƙara wa juna sani a nan Kaduna, inda malaman manyan makarantu suka gabatar da maƙalu kan koyar da lissafi a jami'a. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa hawa mumbari, kuma kusan duk bakinsu ɗaya: wai maganin faɗuwar da ɗalibanmu ke yi a lissafi shi ne a haɗa aji da intanet, rabin darasi a gaban malami, rabi a waya ko kwamfuta. Da aka ba da damar tambaya, na ce wa ɗaya daga cikinsu, "Malam, to ɗaliban nan da aka koyar ta wannan hanya, sun fi na bara iya warware lissafin?" Sai ya ce binciken nasa bai auna wannan ba, ra'ayin ɗaliban ya auna. Tun ranar abin ke ci mini rai.

Duk wanda ke leƙa mujallun bincike na tsangayoyin ilimi ya san irin aikin da nake nufi. A buga takardar jin ra'ayi, a raba wa ɗalibai, kowa ya zaɓi ɗaya: na yarda ƙwarai, na yarda, ban yarda ba, ban yarda ba sam. A tattara, a zuba a kwamfuta, a fitar da jadawali, a rufe da shawarar cewa gwamnati ta samar da kayan aiki. Maƙala ta fito, an samu makin ƙarin girma. Amma yaron da ya zaɓi "na yarda ƙwarai" shi ne dai zai shiga ɗakin jarrabawar MTH 101, darasin lissafi na shekarar farko, ya haɗa rabi da sulusi ya rubuta 2/5, alhali amsar 5/6 ce. Shi ne kuma zai buɗe (a + b)² ya rubuta a² + b², ya watsar da 2ab. Irin wannan kuskure takardar jin ra'ayi ba ta ganinsa, domin mai yin sa bai san yana yi ba. Lissafi yana cikin fannonin da mutum ke jin ya gane alhali bai gane ba. Ka kalli malami yana warware tambaya a bidiyo, komai ya tafi sumul, kana gyaɗa kai. A ba ka biro da farar takarda, ka tsaya cik a layi na biyu.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu wannan kira suna kafa hujja da binciken ƙasashen waje, amma da alama kanun kawai suke karantawa. Akwai babban rahoton da Ma'aikatar Ilimi ta Amurka ta fitar a 2009, ta sake gyara shi a 2010, wanda ya tattara bincike masu yawa ya gano cewa ɗaliban da aka haɗa wa aji da intanet sun ɗan fi waɗanda aka koyar a aji kawai. Nan ake tsayawa a yi ta tafi. Marubutan rahoton da kansu sun yi gargaɗi cewa a yawancin gwaje-gwajen, ɗaliban da aka haɗa wa hanyoyin biyu sun samu ƙarin lokacin karatu da ƙarin kayan darasi, don haka ba za a ce na'urar ce ta kawo bambancin ba. Tun a 1983 Richard Clark ya kwatanta kafar koyarwa da motar da ke kawo kayan abinci: ba motar ke ƙosar da kai ba, abin da ta ɗauko ne.

To mene ne ke ƙosarwa? A 2014 Scott Freeman da abokan aikinsa sun tattara bincike 225 kan darussan kimiyya, injiniyanci da lissafi a jami'o'i. Inda malami ke tsayawa ya yi ta zuba lakca, kusan kashi 34 cikin 100 na ɗalibai ne ke faɗuwa. Inda ake sa ɗalibai su yi aiki da hannunsu a cikin aji, su warware tambaya, su yi gardama da juna, malami yana zagayawa, faɗuwar ta sauko zuwa kusan kashi 22. Kafin su, a shekarun 1970, Uri Treisman na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya bi diddigin dalilin da ya sa baƙaƙen fata masu ƙoƙari ke faɗuwa darasin lissafi na kalkulas yayin da 'yan asalin China ke ci. Bai raba musu takardar jin ra'ayi ba, bin su ya yi har inda suke karatu. Ya tarar na farkon kowa na kulle kansa a ɗaki shi kaɗai, na biyun kuwa bayan kowa ya yi nasa sai su taru su duba aikin juna, wannan ya kama kuskuren wancan. Da ya kafa zaman warware lissafi rukuni-rukuni, ya ba su tambayoyi masu tsauri maimakon masu sauƙi, sakamakon ya canza.

Mu da muka yi makarantar allo ba ma buƙatar wani ya zo daga Amurka ya gaya mana wannan. Ba ka wanke allonka sai ka biya a gaban malam ya saurara, in ka yi tuntuɓe ya gyara maka nan take. Ɗalibin zaure da ke koyon rabon gado ba a barinsa da haddar rubu'i da sudusi da sumuni. Mas'ala ake jefa masa, a ce mutum ya rasu ya bar mata da uwa da 'ya'ya mata biyu, fitar mana. Wani ya dubi aikinka ya nuna maka inda ka karkace, wannan shi ne jigon abin. Kuma shi ne ya mutu a jami'o'inmu.

A da, kowane darasin lissafi yana da zaman tutoriyal, inda ake kasa ɗalibai kashi-kashi a warware tambayoyin mako. Yau darussan shekarar farko irin su MTH 101 da MTH 102, waɗanda 'yan kimiyya da injiniyanci da kwamfuta duk sai sun bi ta cikinsu, ɗaruruwan ɗalibai ake tarawa a zaure ɗaya. Na baya ba ya ganin allo, wani a tsaye yake a bakin taga. Babu malamin da zai iya duba aikin gida na wannan taro kowane mako. Sai ɗaliban su koma ga ɗan'uwansu na aji uku ko huɗu da ke yi musu bita da daddare, wani kyauta wani da kuɗi, a haddace tambayoyin shekarun baya, a samu a tsallake kari-oba, wato maimaita darasin da aka faɗi. Wannan ce cutar. A kan wannan ciwo ne ake so a shafa intanet, kitso da ƙwarƙwata ke nan.

Kuma mu faɗi gaskiya kan abin da ake kira haɗa aji da intanet a nan. A mafi yawan lokuta, malami ne zai tura handawut a zauren WhatsApp ta hannun shugaban aji, ya haɗa da adireshin wani bidiyo na YouTube, sannan ya rage zuwa aji. Ba ƙari aka yi wa ɗalibi ba, ragi aka yi masa, aka kuma ɗora masa kuɗin data. A watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince kamfanonin sadarwa su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. A watan Oktoban 2024 kuwa yawancin jihohin Arewa, har da Kaduna, sun kwashe kwanaki a duhu bayan lalacewar manyan layukan da ke kawo wuta. Yarinyar da ke zuwa makaranta daga Rigasa ko Tudun Wada, wadda da kuɗin mota ma ake fama, ita ce za ta biya mai cajin waya, ta sayi data, ta kalli jadawalin lissafi a fuskar waya mai faɗin tafin hannu. Bincike nawa ne ya bi ta gida ya ga yadda take yi?

Masu cewa annobar korona ta riga ta koya mana karatun intanet su tuna cewa ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, tana yajin aiki daga Maris zuwa Disambar 2020, don haka yawancin jami'o'in gwamnati ba su koyi komai ba, a rufe suke. Masu cewa a watsar da na'ura a koma alli zalla kuwa ba su da abin gaya wa malamin da ke fuskantar ɗalibai cike da zaure.

Ni ba maƙiyin kwamfuta ba ne, kuma lissafi ba baƙonta ba ne. Cibiyar kwamfuta ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ma sunan masanin lissafi take ɗauke da shi, Farfesa Iya Abubakar. Akwai manhajoji masu amfani na gaske. GeoGebra kyauta ce, tana nuna wa ɗalibi yadda zane ke sauyawa idan ya taɓa lamba. Akwai STACK, wadda ke ba kowane ɗalibi tambayarsa da lambobi daban, ta duba amsar aljabarar da ya rubuta, ta nuna masa irin kuskuren da ya yi. Jami'ar Maseno ta Kenya ta yi amfani da ita ga manyan azuzuwanta. Wannan na'ura ce da ke ɗaukar wani ɓangare na aikin dubawa, ba mai maye gurbin malami ba. Amma rubuta irin waɗannan tambayoyi aiki ne mai cin lokaci, ba ya kuma kawo makin ƙarin girma da sauri kamar takardar jin ra'ayi, shi ya sa ba a rububinsa.

Abin takaici, Kaduna ce ya kamata ta fi kowa sanin wannan harka. Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa, NTI, tun 1976 take a nan, a kan hanyar Zariya. Shekara da shekaru tana koyar da malamai daga nesa da littattafan da aka buga, sannan su haɗu da masu koyarwa a cibiyoyin karatu a ƙarshen mako. Haɗa karatun gida da na aji ke nan tun kafin a ba shi sunan zamani. Tsakanin NTI, da Jami'ar Jihar Kaduna, KASU, da aka kafa a 2004, da ABU, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, akwai ɗimbin takardun jarrabawa da sakamakon shekaru da mai bincike na gaske zai tona ya gano a wane layi ɗalibanmu ke ɓacewa. An bar su suna cin ƙura, ana yawo da takardar na yarda ban yarda ba.

Ya kamata asusun TETFund da ke ba da kuɗin bincike ya daina sa hannu kan duk aikin da ya ce zai inganta koyar da lissafi amma ba zai auna lissafin ba. A ɗauki aji biyu, malami ɗaya, jarrabawa ɗaya, a duba takardun ba tare da sanin na wane aji ba ne, a buga sakamakon ko da bai yi wa mai binciken daɗi ba. Sassan lissafi kuma su dawo da tutoriyal, a ɗauki ɗaliban digiri na biyu da na uku a biya su su zauna da yara ashirin-ashirin. Kuɗin da ake shirin kashewa a taron ƙaddamar da wani sabon dandalin intanet zai biya da yawa daga cikinsu na zango guda.